Gayauna, Karsanar Suna da Gawo: Yadda Gida Ya Koya wa Yaro Son Gona da Daji

Ga abin da muka kawo a filin tarihi na wannan mako, an buga shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya ko suna wajen kiwo.

Duk wanda ke bin hanyar Daura zuwa Damagaram da rani, ya ƙetare ta Kwangwalam ya nufi Matamaye, ko ya bi ta Magarya, zai ga gonaki cike da gawo, kore shar, alhali ko'ina ya bushe. Haka abin yake a wurare da dama na jihar Maraɗi. Amma wanda ya haura shekara 50 zai iya tuna lokacin da gonaki da yawa a yankin suke fayau, iska tana kwasar rairayi tana binne shuka, sai an yi shuka sau biyu ko sau uku kafin ta kama. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, yawansu ya kai wajen miliyan 200. Mafi yawa daga cikinsu babu wanda ya dasa su, babu wanda ya ba su ruwa. Manoma ne suka bar su suka tashi, suka riƙa gyara su.

To, a ina manomi ya koyi wannan? In muka bi tarihin, za mu tarar a gida ya koya, wurin uba da uwa da kaka. Za mu kuma tarar cewa iyayen da ba da wa'azi kawai suke sa wa yaro son gona da dabba ba. Suna ba shi nasa rabon tun yana ƙarami, ya san cewa ga abin da in ya lalace shi ya yi asara, in ya yi kyau shi ya ci riba.

Gida ɗaya, iyaka ta ratsa

Kafin mu shiga, mu tuna cewa maganar da za mu yi ta shafi ɓangarorin biyu. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su ne suka zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri. Iyakar da muke ƙetarawa yau, mai tsawon kusan kilomita 1,500, Ingila da Faransa ne suka shata ta, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Ta raba haraji da kuɗi da harshen makaranta, amma ba ta raba yadda ake noma da kiwo ba. Tsarin gida a Jibiya da na Madarunfa ɗaya ne.

Gandu da gayauna

A ƙasar Hausa, babbar gonar gida ita ake kira gandu. Mai gida ne ke riƙe da ita, 'ya'yansa maza, har da waɗanda suka yi aure, suna yi mata aiki tare, abin da aka samu ya shiga rumbun gida. Shi kuma mai gida akwai nauyi a kansa: ciyarwa, biyan haraji, samar da iri da kayan aiki, da taimaka wa ɗa a aurensa na fari. Wata Baturiya 'yar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta bayyana gandu a matsayin yarjejeniya tsakanin uba da 'ya'yansa, kowa da haƙƙinsa, kuma ɗan da ya ga ba a yi masa adalci yana iya fita.

A cikin gandun nan yaro yake fara karatunsa. Ranar shuka uba yana gaba da sungumi yana sara, yaro yana biye yana zuba iri yana rufewa da diddige. Daga nan ya koyi tazarar da ake bari tsakanin rami da rami, da yawan ƙwayar da ake zubawa. In ya ƙara tasawa a ba shi 'yar hauya a noman fari da maimai. In gero ya fara ido, shi ne mai korar tsuntsu. Da kaka kuma yana kallo uban yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika ya ware ta daban, ya ce wannan ba ta ci ba ce, irin baɗi ne.

Amma babban sirrin yana wajen gayauna, wadda a wasu sassan Nijar ake kira gamana. Wannan ɗan fili ne da mai gida yake yankar wa ɗansa ko matarsa. Bayan an tashi daga aikin gandu, ko a ranakun da aka ware, kowa ya nufi tasa. Abin da ya fito a gayauna na mai ita ne, ya sayar ya ɗinka riga, ko ya sayi ɗan akuya. Yaron da yake jan ƙafa a gandu, sai ka gan shi a gayaunarsa har magariba, yana ɗauko taki a kai yana zubawa. A nan ne yake gane da kansa cewa ƙasar da aka kyautata wa tana ramawa.

Karsanar suna

A rugga ma hikimar ita ce dai, sai dai da dabba ake yi. A al'adar Fulani da yawa, tun ranar suna ko bayanta kaɗan ake nuna wata karsana a ce ta jariri ce. Tana cikin garken uba, amma kowa ya san mai ita, kuma duk abin da ta haifa nasa ne. Wani Bature mai suna Derrick Stenning, wanda ya zauna da Woɗaaɓe na yammacin Borno a farkon shekarun 1950, ya rubuta yadda uba yake raba wa 'ya'yansa shanu tun yana da rai, ta yadda kafin saurayi ya yi aure garkensa ya riga ya tsiro a cikin na ubansa.

Shi ya sa yaron rugga ba ya kiwo kamar ɗan haya. Yana ɗan shekara 6 ko 7 yake fara tsaron maruƙa, daga baya ya bi yayyensa daji. Ya san kowace saniya da sunanta da sunan uwarta. Ya san ciyawar da ke kawo nono da wadda ke kumbura ciki, ya san tafkin da ke riƙe ruwa har tsakiyar rani, ya san itacen da ake sassaɓo wa dabba in ciyawa ta ƙare, da iyakar abin da za a sara don baɗi a sake samu.

Akwai kuma haɓɓanaye: mutum ya ba ɗan'uwansa ko amininsa aron saniya, ta zauna wurinsa har ta haihu, galibi sau uku, sannan a mayar da uwar, 'ya'yan su zama nasa. Wajen 1890 annobar bushiya ta ratsa ƙasashen nan ta kashe mafi yawan shanu, gidaje da yawa suka wayi gari ba ko ƙaho. Al'adu irin wannan suna cikin abin da ya tayar da garkuna bayan wannan masifa, da kuma bayan farin shekarun 1970 da 1980. Yaron da ya tashi ya ga saniyar aro a garkensu ya koyi cewa dabba amana ce, kuma zumunci ma da ita ake ɗaure shi.

Makarantar uwa da kaka

Kada mu manta da mata, don rabin ilimin daji a hannunsu yake. Yarinya tana bin uwarta itace da ɗiban ganye, a nan take koyon bambanta kuka da zogale, tafasa da rama, yakuwa da lalo. Ta san lokacin da magarya da kanya da aduwa suke nuna. Ta ga yadda ake mayar da kalwar ɗorawa daddawa, yadda ake fitar da man kaɗe, yadda ake saƙa tabarma da kaba. Ta san sabara da kalgo na cikin magungunan gida, musamman ga mai jego.

Wannan ilimi ya ceci rayuka. A shekarun yunwa, irin 1984 da 2005, gidaje da yawa a Nijar sun rayu da 'ya'yan anza da ganyen jiga. Anza kuwa ɗaci gare ta, tana iya cutar da mutum in ba a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa ba. Tsofaffin mata ne suka riƙe wannan sani, su suka nuna wa na baya.

Haka nan uwa takan ba 'yarta akuya, kamar yadda uba yake ba ɗa gayauna. Jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, wadda fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don can suke sayenta, a tsakar gida aka raya irinta, a hannun mata da 'yan mata, tun kafin gwamnatin Nijar ta buɗe cibiyar kula da ita a Maraɗi a 1963.

Gawo, mahaɗar manomi da makiyayi

In akwai itace ɗaya da ya haɗa darasin gona da na rugga, to gawo ne. Halinsa ya saɓa da na sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya yi wa gero inuwa lokacin da gero yake son rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili cika. Da rani kuwa dabbobi suna samun inuwa da 'ya'yansa masu ƙara ƙiba, suna kuma barin kashi a wurin.

Ga wani abu da ya kamata manomi ya riƙe. Ƙwayar gawo tauri gare ta, ba ta saurin tsirowa, amma in ta bi ta cikin dabba ta fito a kashi sai ta tsiro da sauƙi. Ke nan wasu daga cikin gawon da ke gonar manomi, garken makiyayi ne ya shuka masa. A da, bayan girbi, manomi ne yake roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa don taki, ya ba shi damin gero, matan rugga kuma su kawo nono a yi musaya da hatsi. 'Ya'yan gidajen biyu tare suke wasa a kan kara, kowa ya tashi da sanin amfanin ɗan'uwansa.

Sarakuna ma sun san darajarsa. Tarihin baka na Damagaram yana cewa Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan sare gawo, har ana cewa wanda ya sare shi kansa yake jawo wa. Ko yaya tsananin dokar yake, abin da ya tabbata shi ne yankin Matamaye da Magarya da Mirya har yau shi ne cibiyar gawo a Nijar.

Yadda igiyar ta tsinke

Abubuwa da dama ne suka taru suka raunana wannan makaranta ta gida.

Na farko gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikinta ya buɗe, ga kuma harajin Turawa da sai da kuɗi ake biya. Aka yi ta faɗaɗa gonaki a ɓangarorin biyu, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta Najeriya take bi zuwa teku. Daga baya malaman gona suka zo da garmar shanu, suna koyar da cewa manomin kirki shi ne wanda ya tumɓuke kowane kututture ya bar gonarsa fes. Saurayi ya ji wannan daga bakin mai ilimin boko, sai ya fara ganin abin da ubansa yake yi ƙauyanci ne.

Na biyu doka. A 1935 Faransa ta kafa dokar daji a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, Nijar kuma ta ci gaba da irinta bayan samun 'yanci, ta sabunta ta a 1974. A ƙarƙashin wannan tsari itatuwa irin su gawo suna hannun hukuma, ko da a gonarka suka tsiro. In ka sare reshe ba izini, malamin daji zai ci ka tara. Niyyar dokar ta kare itace ce, amma abin da ta haifar daban. Uba ya daina ce wa ɗansa "bar wannan ya girma", don in ya girma ya zama na gwamnati kuma ya zama hanyar tara. Gara a tuge shi tun yana ƙarami.

Na uku yawan jama'a. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba, ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan 17. Gonaki suka yi ta rabuwa, aka daina barin saura ta huta, aka fara cin burtali. Wani masani Bafaranshe, Claude Raynaut, wanda ya daɗe yana bincike a ƙauyukan Maraɗi, ya nuna yadda neman kuɗi ya riƙa wargaza gandu, kowa ya kama gabansa.

Sai fari ya zo ya ƙarasa. Daga 1968 zuwa 1974 damina ta yi ta gazawa, dabbobi suka mutu ba adadi. A 1984 aka sake yin wanda tsofaffin 'yan kasuwa ba za su manta ba, don a shekarar ce Najeriya ta rufe iyakokinta, ba a buɗe ba sai 1986, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar suna 'Yar Buhari. Mutane suka sare abin da ya rage na itace suka sayar don su sayi tiyar hatsi, samari suka bazama cirani Kano da Legas.

Hukuma ta yi ƙoƙari. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar, a 1984 kuma Shugaba Seyni Kunce ya kira babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An raini dogon yaro da turare a leda an rarraba. A wasu wurare, kamar layukan kare iska na kwarin Majiya, abin ya yi kyau. A wurare da yawa kuwa dashen ya mutu, don itacen da ba na kowa ba babu mai kore masa akuya.

Sassaben zamani

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda yake aiki da wata ƙungiyar mishan a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke fitowa a gonaki kowace shekara, waɗanda ake sassabewa a ƙone, tohon kututturan manyan itatuwa ne da saiwarsu take raye a ƙasa. In aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, aka datse sauran, aka kare su, cikin 'yan shekaru sai su zama itace, don saiwar ta riga ta kai ga laima. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100. Da rabon ya ƙare, mutane da yawa sun sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga itacen girki a ƙofar gida, sun ga iska ta rage binne shuka, maƙwabta kuma suka gani suka kwaikwaya. Shi ne aka sa wa suna sassaben zamani.

Sunan ya ce zamani, amma tsofaffi sun gane abinsu. A karkarar Kano, inda jama'a suka fi yawa, manoma ba su taɓa daina renon ɗorawa da kuka da gawo a gonakinsu ba, kamar yadda binciken Michael Mortimore na shekaru masu yawa ya nuna. A Damagaram ma mutane da kansu suka koma barin gawo, ba tare da wani aikin ƙungiya ba. Abin da ya sauya shi ne manomi ya fara amincewa cewa itacen gonarsa nasa ne. Hannun malaman daji ya yi sauƙi tun ƙarshen shekarun 1980, aka kafa tsarin dokar karkara a 1993, aka yi sabuwar dokar daji a 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga an kafa kwamitocin sa ido da suka haɗa da mata da makiyaya, don a hana saran dare. Da uba ya tabbata cewa abin zai zama gadon 'ya'yansa, sai ya sake kama hannun yaro ya nuna masa reshen da ake bari.

Abin da ya rage gare mu

Yau gonaki sun ƙara ƙanƙancewa, rashin tsaro ya raba wasu da gonakinsu da wuraren kiwonsu, kuma tsakanin manomi da makiyayi sau da yawa sai a gaban alƙali ake haɗuwa. Yara da yawa suna tashi suna ganin noma da kiwo wahala ce da babu nasu a ciki. In haka ta ɗore, wa zai karɓi sanda da hauya?

Ɗan kasuwa ma abin ya shafe shi. Waken da ake lodi a Maraɗi, albasar Galmi, tattasan Difa, shanu da raƙuman da ke cika kasuwar Maigatari da Mai'aduwa da Illela, duk daga hannun wani yaro da aka koya wa a gida suka fito. Ranar da aka rasa masu koyo, mota za ta dawo ba kaya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malam mai gona, ko kunya biyu ce ka yankar wa yaro, ka bar masa abin da ta ba shi, kada ka karɓe. Ka nuna masa tohon gawo guda ka ce nasa ne. Ardo, ko garke ya ragu, a nuna wa jariri tasa, ko tunkiya ce. Inna, ki tafi da yarinya ɗiban ganye, ki faɗa mata sunan kowane tsiro da amfaninsa, ko da tana zuwa makaranta. Alhaji mai shago, in hutu ya zo ka tura yara ƙauye wurin kakanninsu su yi damina guda. Makiyayin da zai sassaɓi gawo kuma ya nemi izinin mai gona, ya sara da ƙa'ida a gaban ɗansa, manomi shi ma ya tuna wanda ya shuka masa gawon, ya bar burtali a buɗe.

Masu saurare, muna son jin yadda abin yake a garinku: me aka fara ba ku kuna yara, gayauna ko dabba ko itace, kuma wa ya ba ku? Ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiya, ya kai kowa gida lafiya.